Sabuwar Manhaja, Tsohon Rumbu: Ina Makomar Wasiƙun Imel Bayan Sabuntawa?

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, tare da Office 2016 da Office 2019. Manhajojin suna nan suna aiki, sai dai kamfanin ya daina aiko musu da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Hakan ya sa ofisoshi da makarantu da ɗaiɗaikun mutane da dama suka shiga canza kwamfuta ko ɗora sabuwar manhaja. Ƙorafin da ke biyo bayan irin wannan guguwa kusan ɗaya ne a kowane lokaci. Wani ya buɗe Outlook a sabuwar kwamfuta ya tarar da ita wayam, wasiƙun shekara goma babu ko ɗaya. Wani wasiƙunsa suna nan, amma manhajar ta ce ma'ajiya ta cika alhali kwamfutar na da sarari mai yawa. Wani kuma sunayen mutanensa ne suka cika da alamar tambaya.

Tushen ruɗanin shi ne zaton da mutane ke yi cewa manhajar imel da wasiƙun da ke cikinta abu ɗaya ne, don haka idan an sabunta ɗaya an sabunta ɗayan. Abu biyu ne mabambanta, kuma a mafi yawan lokuta sabunta manhaja ba ya taɓa fayil ɗin da wasiƙu ke ciki ko kaɗan.

Kalmomin da ya kamata a rarrabe

Manhajar imel ita ce wadda ake ɗora wa kwamfuta don karanta wasiƙu da aikawa, irin su Outlook, Thunderbird da Apple Mail. Fayil ɗin ajiya kuwa shi ne rumbun da manhajar ke zuba wasiƙu a ciki, a kan ita kanta kwamfutar. Tsari shi ne yadda aka jera bayanai a cikin wannan rumbu, kuma galibi ana gane shi ta haruffan da ke ƙarshen sunan fayil. Outlook na amfani da PST da OST. Tsohuwar Outlook Express tana amfani da DBX. Thunderbird na amfani da MBOX. EML kuma wasiƙa ɗaya ce tak a fayil ɗaya.

Sai saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe wa mutum akwatinsa, kamar ta Gmail ko ta Yahoo ko ta ma'aikatarsa. Hanyoyi biyu ne aka fi sani na ɗauko wasiƙa daga saba. A hanyar POP, manhaja kan sauko da wasiƙar zuwa kwamfuta, sau da yawa kuma a goge ta daga sabar, ka ga kwafin da ke kan kwamfutar shi ne kaɗai ya rage a duniya. A hanyar IMAP, da kuma Exchange ta Microsoft, ainihin wasiƙar na zaune a saba, abin da ke kan kwamfuta inuwarta ce kawai.

Wannan bambanci shi ke raba wanda batun ya shafa da wanda bai shafa ba. Mai karanta Gmail a waya ko a burauza ba shi da fayil ɗin da zai sauya. Wanda ya kamata ya nutsu shi ne mai tsohon asusu na POP, ko wanda ya riƙa kwashe tsofaffin wasiƙu daga saba yana tarawa a kwamfuta don kada akwatinsa ya cika. Irin waɗannan sun fi yawa a ofisoshin lauyoyi, akantoci, ƙungiyoyi da jami'o'i, inda takardar shekara goma sha biyar da ta wuce ke iya zama hujjar gobe.

Daga ANSI zuwa Unicode

Misalin da ya fi kowanne nuna yadda matsalar take shi ne na fayil ɗin PST, domin suna ɗaya ne ke ɗauke da tsari biyu.

Daga Outlook 97 zuwa Outlook 2002, ana rubuta PST ne a tsarin da ake kira ANSI. Yana da iyakoki biyu manya. Na farko girma: ba ya wuce gigabayit 2. A ƙarshen shekarun 1990 wannan sarari ne da ba a zaton mutum ɗaya zai cika shi, amma da aka fara liƙa wa wasiƙu hotuna da manyan takardu sai ya zama ɗan tsurut. Abin da ya fi muni, idan fayil ya kai iyakar yakan lalace ya ƙi buɗewa. Maganin da Microsoft ya fitar a wancan zamani wata ƙaramar manhaja ce da ke datse wani ɓangare na fayil ɗin don a samu a buɗe sauran, abin da aka datse kuwa ya tafi ke nan. Akwai kuma iyakar yawan wasiƙu a folda guda, wadda ba ta wuce kimanin 65,000.

Iyaka ta biyu ta haruffa ce, kuma nan ne batun ya taɓa mai rubutu da Hausa kai tsaye. Tsarin ANSI na ba kowane harafi bayit ɗaya, wato guraben alamomi 256 kacal. Saboda haka aka rarraba duniya jadawali-jadawali: na harsunan Yammacin Turai daban, na Larabci daban, na Rashanci daban. Kwamfutocin da ake amfani da su a Nijeriya da Nijar da Ghana galibi suna kan jadawalin Yammacin Turai ne, mai lamba 1252, wanda ya wadatar da Turanci da Faransanci. Babu ɓ a cikinsa, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan sakataren wata ƙungiya ya sa wa wasiƙa take «Taron ƙungiyar ɗalibai», abin da zai iya zama a tsohon fayil shi ne «Taron ?ungiyar ?alibai». Malam Ɗanladi a jerin adireshi ya koma ?anladi, neman sunansa ma ya zama aiki. Haka abin yake ga wanda ya haɗa Larabci ko Ajami da boko. Jikin wasiƙa wani lokaci yakan tsira, saboda yana iya tafiya da nasa bayanin haruffa, amma take da sunan mai aikowa da sunayen folda da abin da aka rubuta a kalanda su suka fi shan wahala.

Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, shi ne jadawali ɗaya da ya ba kowane harafi na kusan kowane rubutu lambarsa, har da haruffanmu masu ƙugiya. Outlook 2003 ce ta zo da sabon PST mai tsarin Unicode. Iyakar girmansa ta tashi zuwa gigabayit 20, sannan daga Outlook 2010 ta zama 50.

Ga inda tarkon yake. Da mutum ya ɗora Outlook 2003 ko wadda ta biyo bayanta, manhajar takan ci gaba da amfani da tsohon fayil ɗinsa kamar yadda ta same shi, ba tare da ta ce uffan ba. Sababbin fayiloli ne kawai ake ƙirƙira a sabon tsari. Don haka ana iya samun fayil da aka haifa a 2001, ya bi mai shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta sau biyar, yana zaune yau cikin Outlook ta zamani da iyakarsa ta gigabayit 2. Sunansa bai canza ba, kamanninsa a allo ba su canza ba. Hanyar ganewa ita ce a duba bayanan fayil ɗin a cikin Outlook, a layin da ke nuna tsarinsa. In an ga an rubuta 97-2002, to tsohon ne.

Abin da ake kira sauyawa, ƙaura ce

Outlook ba ta da maɓallin da za a danna ya mayar da tsohon fayil sabo. Ana gina sabon rumbu ne a kwashe hatsin a zuba. Mutum zai ƙirƙiri sabon fayil na PST, wanda zai zo a tsarin Unicode, sannan ya bi ɗaya daga hanyoyi uku: ya shigo da abin da ke cikin tsohon ta sashen shigowa da fitarwa, ko ya buɗe fayilolin biyu gefe da gefe ya riƙa jan folda daga wancan zuwa wannan, ko ya umarci manhajar ta kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa sabon a matsayin adana. Bayan nan sai a nuna wa Outlook cewa sababbin wasiƙu su riƙa sauka a sabon fayil. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, sai a wayi gari an yi ƙaura amma ɗan aike na kai saƙo tsohon gida.

Kafin a fara, a rufe Outlook a kwafi tsohon fayil ɗin zuwa filash ko wani faifai daban, a ajiye shi kada a taɓa. In ana zargin fayil ɗin na da rauni, Office na zuwa da ƙaramar manhajar gyara mai suna scanpst, a fara bi ta kanta. Kwashe fayil mai girma na iya cin sa'o'i, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya lalata fayilolin biyu a lokaci guda. A inda wuta ba ta da tabbas, kwamfutar hannu mai cikakken caji ta fi ta tebur dacewa da wannan aiki. Idan an gama, a ƙirga: folda nawa ce a tsohon, nawa ce a sabon, wasiƙa nawa ce a kowace. A buɗe wasu daga mafi tsufa a ga ko takardun da aka liƙa musu na buɗewa.

Abu ɗaya da ƙaura ba ta yi shi ne dawo da abin da ya riga ya ɓace. Harafin da ya zama alamar tambaya tun ranar da aka ajiye shi zai isa sabon fayil a matsayin alamar tambaya. Sabon tsari yana kare abin da zai zo nan gaba ne. Kuma tafiyar ba ta da komowa cikin sauƙi, domin Outlook 2002 da waɗanda suka gabace ta ba sa buɗe fayil na Unicode.

Ba Outlook kaɗai ba

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. Da Apple ya fitar da Mac OS X Tiger a 2005, manhajarsa ta Mail ta bar MBOX ta koma ajiye kowace wasiƙa a fayil ɗinta, don injin bincike na Spotlight ya iya gano su ɗaya-ɗaya, kuma manhajar da kanta ta yi sauyin a buɗewar farko. Wannan ya fi sauƙi ga mai amfani, amma ba a tambaye shi ba.

Masu Outlook Express sun fi kowa shan wuya. Ta zo da Windows har zuwa XP, sai Vista ta maye gurbinta da Windows Mail a 2007. Manhajar da ta fi sauƙin karanta DBX daga baya, wato Windows Live Mail, ita ma an daina tallafa mata a Janairun 2017. Wanda ke da fayilolin DBX a tsohon faifai yau gadar da zai bi ta riga ta karye, sai dai ya nemi kwale-kwale.

Ra'ayoyi sun bambanta

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Hujjarsu ita ce Outlook ta tebur har yanzu tana buɗe tsohon PST, kuma kowace ƙaura na da haɗarinta, kada garin gyaran gira a rasa ido. Maganarsu na da nauyi idan fayil ɗin na adana ne kawai, ba a ƙara masa komai, kuma yana nesa da iyaka. Ba ta da nauyi idan sababbin wasiƙu na sauka cikinsa kullum, domin wannan jiran rana ce kawai.

Ɓangare na biyu su ne masu kula da kwamfutocin manyan ma'aikatu, waɗanda da yawansu ke ganin PST ɗin ne gaba ɗaya ya kamata a rabu da shi, tsoho da sabo. Fayil ne da ke zaune a kwamfutar mutum ɗaya, ba a cika yi masa kwafin ajiya ba, in an sace kwamfutar ko faifanta ya mutu shi ke nan. Microsoft da kansa ba ya goyon bayan a buɗe PST kai tsaye daga ma'ajiyar da ofis ke tarayya a kanta. Shawararsu ita ce a ɗora komai kan saba. Wannan na magance batun tsari, tun da kamfanin da ke riƙe da sabar ne zai riƙa fama da shi, amma yana da nasa farashi. Asusun Gmail na kyauta gigabayit 15 ne, kuma ana raba shi da hotuna da sauran takardu. Ɗora gigabayit 20 na wasiƙu yana buƙatar data mai yawa da intanet mai ɗorewa, abin da ba kowane ofis ke da shi ba. Sannan duk wanda ya miƙa ajiyarsa ga kamfani ya amince da sharuɗɗan kamfanin, har da na ranar da aka kasa biyan kuɗin shekara.

Ɓangare na uku masu adana tarihi ne da masu son buɗaɗɗiyar manhaja. Su tambayarsu ita ce, wa zai iya karanta wannan fayil nan da shekara talatin? Sun fi karkata ga MBOX da EML saboda rubutu ne tsantsa. Idan ka buɗe fayil na MBOX da kowace manhajar rubutu za ka ga wasiƙun a jere, ɗaya na bin ɗaya, kowace ta fara da layi mai ɗauke da adireshin mai aikowa da kwanan wata. Tsari ne da ya samo asali tun farkon zamanin Unix, kuma shi Google ke bayarwa idan mutum ya nemi kwafin wasiƙunsa ta Takeout. Rauninsa shi ne wasiƙa kawai yake ɗauka, kalanda da adireshi sai an fitar da su daban. A gefe guda, Microsoft ya wallafa bayanin yadda aka gina PST a 2010, abin da ya ba wasu damar rubuta manhajojin da ke karanta shi, don haka zargin cewa akwati ne mai kulle ya ragu.

Idan aka auna, babu dalilin zaɓar ɗaya a watsar da sauran. Wasiƙun aiki na yau da kullum sun fi dacewa da saba. Tsofaffin da ake son adanawa kuwa sun cancanci kwafi biyu: ainihin fayil ɗin yadda yake, da wani a buɗaɗɗen tsari.

Sai batun manhajojin sauyawa da ake sayarwa, waɗanda tallansu ya cika intanet. Ga mai son tashi daga ANSI zuwa Unicode, ba a buƙatar ko ɗaya, Outlook ta wadatar. Suna da amfani a wurare ƙalilan, kamar fayil da ya lalace, ko DBX, ko OST da asusunsa ya mutu. Yawancinsu sukan nuna wasiƙun kyauta, amma fitar da su sai an biya. Waɗanda suka fi haɗari su ne shafukan da ke cewa a ɗora musu fayil su sauya. Yin haka miƙa wa baƙo dukkan sirrin mutum ne da na waɗanda suka taɓa rubuto masa. Ga ma'aikata a Nijeriya lamarin ya wuce na ganganci kawai, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora mata alhakin bayanan mutanen da ke hannunta.

Abubuwan da kan salwanta a hanya

Ko da ƙaura ta yi kyau, wasu kaya ba sa bin ayari. Sa-hannun da ke fita a ƙasan wasiƙa yana wata folda daban. Dokokin da mutum ya kafa na rarraba wasiƙu sai an fitar da su an sake shigarwa. Jerin adireshin da ke bayyana da zarar an fara rubuta suna, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne littafin adireshinsu, a Outlook 2003 da 2007 wani fayil ne mai ƙarshen NK2, kuma sau da yawa a tsohuwar kwamfuta ake baro shi. Kalmar sirrin tsohon PST ba ta bin wasiƙu zuwa sabon, ko da yake dama kariya ce mai rauni da ba ta hana wanda ya san aiki.

Fayil ɗin OST na da nasa tarko. Inuwar saba ce, ɗaure da asusun da ya haife shi, ba a ɗaukarsa a buɗe a wata kwamfuta kamar PST. A ka'ida rasa shi ba asara ba ce, tun da saba za ta sake cika wani. Amma daga Outlook 2013 asusun IMAP ma sun koma amfani da OST, kuma IMAP ba ya ɗaukar kalanda da adireshi, don haka waɗannan sukan zauna a foldar da aka yi wa alamar cewa a wannan kwamfuta kaɗai take. Mai gyara ya goge kwamfuta da zaton komai na saba, wasiƙu su dawo, adireshin shekaru su tafi.

Akwai kuma kwanan wata. Wasu hanyoyin ɗora tsofaffin wasiƙu kan saba kan sa su duka su nuna ranar da aka ɗora su maimakon ranar da suka iso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai iya buƙatar wasiƙa a kotu. Sashe na 84 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya yarda da bayanan da suka fito daga kwamfuta, bisa sharaɗin a nuna cewa na'urar na aiki daidai da yadda aka samar da takardar. Wasiƙar da ta ratsa manhajoji uku, bayanan kanta suka canza, ta fi saurin jawo jayayya. Wannan wani dalili ne na barin ainihin fayil ɗin ba a taɓa shi ba.

Zagaye na gaba

Tarihin na shirin maimaita kansa. A Agustan 2024 Microsoft ya ƙaddamar da sabuwar Outlook ta Windows ga kowa, kuma a ƙarshen 2024 ya daina tallafa wa manhajojin Mail da Calendar da ke zuwa da Windows. Sabuwar an gina ta ne kan fasahar Outlook ta yanar gizo, rayuwarta na kan saba. Da farko ba ta buɗe PST sam. An fara ƙara mata wannan dama kaɗan-kaɗan a 2025, kuma a lokacin damar ta dogara ne da kasancewar tsohuwar Outlook a kan kwamfutar. Ko asusun da ba na Microsoft ba ne, kamar na IMAP, takan bi da wasiƙunsa ta sabar kamfanin, lamarin da ya jawo suka daga masu rajin kare sirri, musamman a Turai.

Da yawa daga masu cewa wasiƙunsu sun ɓace bayan sabuntawa, abin da ya faru shi ne sun koma sabuwar Outlook, fayil ɗinsu na PST kuma yana nan lafiya a foldarsa ba wanda ya buɗe shi. Komawa tsohuwar, wadda yanzu ake kira ta gargajiya, yakan dawo da su nan take. Microsoft ya ce zai ci gaba da tallafa wa wannan tsohuwa har zuwa aƙalla 2029.